KAFSO BIYU A KASUWAR OIL MILL

Wanda duk ya taɓa bin hanyar da ta tashi daga Fatakwal zuwa Aba ran Laraba ya san Kasuwar Oil Mill, ko da bai sauka ya shiga ba, domin cunkoson motocin da ake yi a Rumuokwurusi ya isa ya shaida masa cewa yau kasuwa na ci. Cikin watan jiya aiki ya kai ni Jihar Ribas, na sami Laraba a can, sai na ce bari in leƙa in gai da mutanenmu na Arewa waɗanda ke sayar da albasa da tattasai da wake da busasshen kifi a wannan kasuwa. Na sauka a rumfar wani dattijo mutumin Aliero, dillalin albasa, wanda ya shekara fiye da ashirin a Kudu. Ya shimfiɗa mini buhu, ya sa aka kawo ruwa, muka shiga hirar gida.

Muna cikin haka sai ga ɗansa, yaro wanda bai wuce shekara goma ba, ya zo da gudu ya durƙusa ya gai da mu. Na lura yana damƙe da wata 'yar takarda a hannu. Na ce, "Samari, me ka sayo haka kake ɓoyewa?" Ya buɗe takardar, sai ga kafso guda biyu, irin wanda jama'a ke kira ja da yalo. Ya ce, "Kawu, Inna ce ta aike ni. Ƙanena ke mura da tari." Na tambaye shi wa ya ce wannan shi ne maganin mura. Sai ya dube ni da mamaki, kamar na tambaye shi wa ya ce ruwa na kashe ƙishirwa. Ya ce ai kowa ya sani, kuma mai tallan maganin ma bai tambaye shi kome ba, ya karɓi kuɗi ya ɓallo masa biyu daga jikin kati. Na ce to me ya sa biyu kaɗai? Ya ce kuɗin da aka ba shi ke nan, kuma ai in ya sha biyu ya ji sauƙi shi ke nan.

Wannan magana ta yaron ita ce ta sa na ɗauki alƙalami a wannan mako. Mai karatu ya lura da kyau, cikin 'yan kalmomin nan yaron ya karanto darasi uku waɗanda ba wani malami da ya zaunar da shi ya koya masa. Ya koyi cewa kafso maganin kowace cuta ne, ya koyi cewa kuɗin aljihu ke yanke yawan maganin da za a sha, ya kuma koyi cewa da an ji sauƙi sai a daina. Duka ukun kuskure ne, kuma kuskure mai kisa. A gidajenmu yara su ne 'yan aike, su ake tura wa kemis, su ke tsayawa gaban mai faranti. Saboda haka ko mun so ko mun ƙi, suna karatun magani kullum, sai dai malaminsu mai talla ne. Tun da yake ba makawa sai sun koya, ashe ya kamata mu koya musu daidai.

Abin da za a fara gaya wa yaro shi ne akwai halittu masu rai waɗanda ido ba ya gani. Masana na kiran wani jinsi daga cikinsu bakteriya. Ƙanƙantarsu ta kai in aka jera guda dubu a layi, da ƙyar su cika milimita ɗaya ko biyu a jikin rula. Abin da zai faranta wa 'yan kasuwa rai shi ne mutumin da ya fara ganinsu ɗan'uwansu ne, wani mai kantin yadi a garin Delft na ƙasar Holan, sunansa Antonie van Leeuwenhoek. Ya ƙware wajen goge gilashin ƙara girman abu, har a shekarar 1676 ya ga waɗansu 'yan halittu na motsi cikin ɗigon ruwa, a 1683 kuma ya gan su cikin dauɗar da ya kankaro daga haƙoransa. Sai bayan wajen shekara 200 aka tabbatar da cewa waɗansunsu ke haddasa cuta. A 1882 ne wani likitan Jamus, Robert Koch, ya nuna ƙwayar da ke kawo tarin fuka. A yau mun san taifot, da kwalara, da mashaƙo irin wanda ya addabi Kano a 2023, duk aikin bakteriya ne.

Amma fa kada a tsorata yaro a ce masa duk bakteriya mugaye ne. Mafi yawansu ba su cutar da kowa, waɗansu ma muna cin moriyarsu kullum. Bafillatana in ta dafa madara ta huce, ta zuba ɗan tsohon nono a ciki ta rufe, kashegari ta sami kindirmo, bakteriya ne suka yi mata aikin. Kalwa ba ta zama daddawa sai da su. Cikin hanjinmu akwai ɗimbinsu, suna taimaka wa narkewar abinci, suna kuma tare wa mugaye wuri.

Abu na biyu, ba kowace cuta ce bakteriya ke kawowa ba. Akwai wani jinsi dabam da ake kira bairos, wanda ya fi bakteriya ƙanƙanta nesa ba kusa ba. Shi ke kawo mura, da ƙyanda, da yawancin tari da ciwon maƙogwaro na yara, da yawancin zawon da ƙananan yara ke yi. Magungunan nan da ake kira antibayotik, watau su ja da yalo, da ja da baƙi, da Ampiclox, da Septrin, an yi su ne domin bakteriya kaɗai. Ba su taɓa bairos ko kaɗan. Wanda ya sha kafso don mura, daidai yake da wanda ya ɗana tarkon ɓera don ya kama sauro. Murar za ta tafi da kanta bayan kwana bakwai ko goma, sa'an nan a yaba wa kafso aikin da bai yi ba. Ja da yalo ɗin ma, watau tetrasaiklin, likitoci na hana ba yaran da ba su kai shekara takwas ba, domin yana ɓata haƙoransu har abada.

To, in dai kafson bai yi amfani ba, ina cutarwarsa, ban da asarar kuɗi? Nan ne gizo ke saƙa. A shekarar 1928, a asibitin St Mary's da ke Landan, Alexander Fleming ya dawo daga hutu ya tarar funfuna ta faɗa wa wani faranti da yake kiwon bakteriya a ciki, kuma duk bakteriyan da ke kewaye da funfunar sun mutu. Daga nan aka sami fenisilin, wanda Howard Florey da Ernst Chain da abokan aikinsu suka mai da shi magani a farkon shekarun 1940. Kafin wannan lokaci, rauni ƙanƙane in ya yi ruwa yakan kashe ƙato, mata da yawa kuma zazzaɓin bayan haihuwa ke ɗauke su. Amma da aka ba mutanen nan uku kyautar Nobel a 1945, Fleming ya yi gargaɗi a cikin jawabinsa cewa wata rana kowa zai iya sayen fenisilin a kanti, wanda bai sani ba ya sha abin da bai isa ba, ƙwayoyin cutar su ƙi mutuwa, su koma ba su jin maganin. Shekara 80 ke nan da wannan gargaɗi, sai ka ce mutumin ya taɓa zama a rumfar albasa ta Oil Mill ya ga yaron nan.

Ga yadda abin ke faruwa. Cikin miliyoyin bakteriyan da ke jikin mutum, akan sami 'yan kaɗan waɗanda halittarsu ta ɗan bambanta, magani bai cika kama su ba. In an sha magani, marasa ƙarfi su mutu, masu taurin kan nan su rage, fili kuma ya zama nasu. Bakteriya kuwa ba ta jiran wata tara kafin ta haihu. Akwai wadda in ta sami wuri mai daɗi takan rabu biyu cikin minti 20. Mai karatu ya yi lissafi da kansa, guda ɗaya in ta yi ta ninkawa haka, cikin awa 7 ta wuce miliyan 2. Har ila yau bakteriya na iya miƙa wa junansu wannan dabara ta ƙin jin magani, kamar yadda 'yan makaranta ke miƙa wa juna amsar jarrabawa. Saboda haka wanda ya sha kafso biyu a inda ake bukatar na kwana biyar, ya kashe maciji ne bai sare kansa ba. Wanda kuwa ya sha ba tare da bukata ba, ya kashe bakteriya masu amfani na cikin hanjinsa, ya bar wa masu taurin kai gida.

Akwai wata magana da nakan ji a bakin manya, wai "jikina ya saba da maganin nan, ba ya yi mini aiki." Ya kamata a gyara wa yara wannan tun da wuri. Ƙwayar cutar ce ta daina jin magani, jikin mutum bai canja ba. Bambancin yana da muhimmanci ƙwarai, domin ƙwayar cuta tana tafiya. Takan bi hannu, ta bi ruwan sha, ta bi kwata, ta hau motar albasa daga Fatakwal ta sauka a Sakkwato. Jaririn da aka haifa jiya, wanda bai taɓa shan magani ba, yana iya kamuwa da ƙwayar da wani ya horar da kafso biyu-biyu, a kai shi asibiti a yi ta allura ba ta ji.

Kada wani ya ɗauka tatsuniya ce. A 2022 mujallar likitoci ta Lancet ta buga wani babban bincike wanda ya ƙiyasta cewa a shekarar 2019 kaɗai mutum wajen miliyan 1.27 suka mutu a duniya kai tsaye saboda bakteriya marasa jin magani, adadin da ya fi na waɗanda zazzaɓin cizon sauro ya kashe a wannan shekara. Binciken ya nuna kuma yankinmu na Afirka ta Yamma ya fi ko'ina yawan mace-macen idan aka gwada da yawan jama'a, kuma kusan ɗaya cikin biyar na waɗanda suka mutu a duniya yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar. A ƙasar Fakistan, tun daga 2016 aka sami wani taifot wanda ya gagari kusan dukan magungunan da aka saba ba shi. A nan gida, tarin fuka da akan warkar cikin wata shida ya sami ɗan'uwa mai gagarar magani, wanda jiyyarsa ta fi wuya ta fi tsada. Manya kuma ba su manta da kulorokwin ba. Ko da yake ƙwayar zazzaɓin cizon sauro ba bakteriya ba ce, labarin ɗaya ne: magani mai araha wanda ya yi shekaru yana ceton rayuka, ƙwayar cuta ta daina jinsa, har Gwamnatin Tarayya ta sauya shi a 2005.

Hukuma ba ta zauna ba, gaskiya. A 2007, zamanin Farfesa Dora Akunyili, hukumar NAFDAC ta rufe babbar kasuwar magani ta bakin gadar Anacha na tsawon watanni saboda jabun magunguna, aka sake rufe ta tare da ta Aba da ta Idumota a Ikko a farkon 2025. A Kano kuma an tashi masu sarin magani daga Sabon Gari zuwa Dangwauro a 2024. Jabun magani yana cikin wannan magana tsundum, domin kafson da aka rage masa ƙarfi a masana'anta shi da kafso biyun yaron nan duk aikinsu ɗaya. Nijeriya ta fito da tsarinta na ƙasa na yaƙi da wannan matsala a 2017, ta sabunta shi a 2024, a shekarar ce kuma shugabannin duniya suka yi alkawari a Majalisar Ɗinkin Duniya cewa za su rage irin waɗannan mace-mace da kashi 10 cikin 100 kafin 2030. Duk wannan ya yi kyau. Amma ana iya sa wa kasuwa kwaɗo, ba a iya sa wa abin da ke cikin kan mai saye. Muddin uwa ta yi imani kafso ke maganin mura, za a sami mai sayar mata da shi.

Da na gama yi wa mai masaukina wannan bayani a taƙaice, sai ya yi shiru, sa'an nan ya ce, "Malam, maganarka gaskiya ce, amma kai mai albashi ne. Ni in na rufe rumfa ran Laraba na tafi asibiti, na bi layi, na sayi kati, na biya gwaji, wa zai sayar mini da albasa? Ga shi in mun je, ba kowa ke jin Turancinsu ba, balle matanmu." Na ce, "Alhaji, ban musa ba." Kuma har yanzu ban musa ba. Talauci da nisan asibiti da rashin tafinta su ke tura mutane wurin mai faranti, kuma wanda duk ya ce jahilci ne kawai bai yi wa talaka adalci ba. Wajibi ne gwamnatoci su gyara ƙananan asibitoci su sa magani mai inganci ya yi araha. Sai dai na tuna wa Alhaji cewa a cikin wannan magana ilmi na rage kashe kuɗi ne. Mura ba ta bukatar kafso, hutu take so da ruwa mai yawa. Yawancin zawon yara ruwan gishiri da sukari da ƙwayar zinc ke maganinsa. Kuɗin da aka tara daga barin sayen abin da ba ya amfani, shi za a riƙa a tafi asibiti ranar da aka ga alamar haɗari, watau yaro yana numfashi da sauri, ko haƙarƙarinsa na lotsawa, ko ya kasa shan nono, ko yana jijjiga, ko an ga jini a bayan gidansa. Ranar nan kam ba a jira a tashi daga kasuwa.

To, yaya za a koyar? Ba a bukatar ɗakin gwaji. Malami ya kawo madara da cokalin nono aji, yara su ga kindirmo ya kama kashegari, sun ga aikin halittar da ba a gani ke nan. Ya yanka burodi uku, ɗaya yara su shafa da hannun da suka dawo daga wasa, ɗaya da hannun da aka wanke da sabulu, ɗaya kuma kada a taɓa, a ɗaure kowanne cikin leda a ajiye mako guda ko biyu. Abin da zai fi fitowa funfuna ce, amma ta isa ta nuna musu hannu na ɗauke da abin da ido bai gani, a kuma jefar da ledojin ba tare da an buɗe ba. Game da gagarar magani kuwa, a sami farin wake mudu guda a zuba jan wake biyar a ciki. A ce wa yara su ne magani, kuma farin wake kaɗai suke iya tsincewa. In sun kwashe rabi a tsai da su, a ninka abin da ya rage, fari da ja. A maimaita sau huɗu ko biyar, za su gani da idonsu yadda ja ke ƙaruwa yana cin wuri. Yaron da ya yi wannan wasa ba zai manta ba.

Bayan haka sai a ba su 'yan ƙa'idoji su haddace kamar yadda suke haddace lissafin sau. Ba a shan antibayotik sai ma'aikacin lafiya ya duba ya rubuta. In ya rubuta, a sha daidai yadda ya ce, a kan lokaci, har kwanakin da ya yanka. Ba a ajiye saura don gaba, ba a kuma ba maƙwabci. A duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa a jikin kwali. A wanke hannu da sabulu bayan an fito daga bayi da kuma kafin cin abinci, a kai ƙanne rigakafi, gama cutar da ba a kamu da ita ba ba ta bukatar magani. 'Ya'yan masu shanu da kaji, irin na Garkin Ugwuoba da ke hanyar Inugu zuwa Anacha, a ƙara musu da cewa dabba ma haka take, ba a ɗura mata magani barkatai, ba a kuma yanka ta ko a tatse ta don sayarwa sai kwanakin da aka rubuta a jikin maganin sun cika.

Wannan ba sabon abu ba ne a duniya. A Ingila tun 2009 suke da wani shiri mai suna e-Bug na koya wa 'yan makaranta waɗannan abubuwa. A nan ƙasar ma gidauniyar DRASA, wadda aka kafa don tunawa da Dokta Ameyo Stella Adadevoh, likitar da ta rasu a 2014 wajen tare cutar Ibola a Ikko, ta yi irin wannan aiki da ɗaliban sakandare a Jihohin Ikko da Oshun. Abin da ya rage shi ne a yi da Hausa, a kai shi inda yaranmu suke. Yaranmu na Fatakwal da Anacha da Inugu da yawansu sun fi zama a makarantun allo da Islamiyya da rumfunan iyayensu, inda manhajar gwamnati ba ta isa. Ina kira ga Sarakunan Hausawa na waɗannan garuruwa da shugabannin ƙungiyoyin 'yan kasuwa su nemi ma'aikatan lafiya masu jin Hausa, su ba malamai horo na yini ɗaya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta keɓe 18 zuwa 24 ga Nuwamba na kowace shekara don faɗakarwa a kan wannan batu, to ga lokaci nan a shirye, ba sai an nema ba.

Kafin in bar rumfar, Alhaji ya karɓi takardar daga hannun ɗansa ya sa a aljihu, ya ce ya je ya gaya wa innarsa a ba ƙaramin ruwan ɗumi, in an tashi daga kasuwa shi da kansa zai kai shi a duba. Yaron ya juya zai tafi, sai ya tsaya ya ce, "Kawu, su waɗannan abubuwan da ba a gani, yanzu haka akwai su a hannuna?" Na ce akwai, kuma suna da yawa. Ya dubi tafin hannunsa ya juya shi gaba da baya, sa'an nan ya tambayi mahaifinsa inda aka ajiye sabulu.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.